Yadda ake tayar da tsohon alƙalami mai shan tawada: gane shekarunsa, gyara shi da adana shi

Yawancin tsofaffin alƙaluman da ke hannun mutanenmu ba a kanti suke ba. Suna ƙasan adaka ko akwatin ƙarfe, tare da takardar fili da tsohon tabarau da hoton da ya koɗe, tun ranar da mai su, wani malamin firamare ko akawun En'e ko ma'aikacin reluwe, ya koma amfani da biro. László Bíró ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938, Bic Cristal ya fito a 1950, daga nan kuma alƙalamin da ake ɗura wa tawada ya fara komawa cikin adaka. Wanda ya ci karo da irinsa yau, abin da yake fara yi shi ne ya murɗa, ya ja, ya ga ko zai buɗe. A nan ake kashe su. Na farko da ya shigo hannuna, wani koren alƙalami ɗan Ingila, filaya na sa masa, na ji ƙas, gangar jikin ta tsage har rabi. Ya yi shekaru aru-aru a kwance lafiya lau, ni na gama da shi cikin minti biyu.

Bari mu daidaita sunaye tukuna. Akwai murfi, da maƙalin da ke kama aljihu. Akwai gangar jiki. Akwai wuya, inda yatsu ke riƙewa. Akwai baki, wato ƙarfen da ke taɓa takarda, wanda aka tsaga biyu, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani baƙin abu mai tsage-tsage da zan kira magudana, domin ta nan tawada ke sauka iska kuma ta hau. A cikin gangar jikin yawancinsu akwai 'yar jakar roba mai riƙe tawada. Ita zan kira salka, don aikinsu ɗaya da salkar ruwa.

Mataki na farko: karanta shi kafin ka murɗa komai

Nemi madubin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, mai ƙara girma sau 10, ka zauna a inuwa mai haske. Duba wurare huɗu: gangar jiki, leɓen murfi, maƙali da baki. Idan rubutun ya suɗe, karkata alƙalamin haske ya bugo shi ta gefe, ko ka shafa ɗan alli ka goge, sai haruffan su fito. Sanin shekara ba don burga ba ne kawai. Shekarar ce ke gaya maka da me aka ƙera shi, da yadda ake buɗe shi, da abin da zai lalata shi.

Parker ne ya fi sauƙaƙa wa mai bincike. Kamfanin, wanda George Parker ya kafa a Janesville ta jihar Wisconsin a 1888, ya riƙa buga 'yar lamba a gangar jiki, kusa da inda aka rubuta ƙasar da aka ƙera shi. Daga wajen 1934 lambobi biyu ne: ta farko tana nuna kashin shekara, an raba shekara huɗu, ta biyu kuma ƙarshen shekarar. To a nan tarko yake. Idan ka ga 46 a jikin tsohon Vacumatic, wani samfurin Parker mai famfo a gindi, ba 1946 ba ne, watanni ukun ƙarshe ne na 1936. Daga 1938 sai suka koma lamba ɗaya da ɗigo-ɗigo. A farkon shekara hatimin yana da ɗigo uku, duk bayan wata uku sai a kankare ɗaya. Saboda haka 6 mai ɗigo uku Janairu zuwa Maris ne, mai ɗigo biyu Afrilu zuwa Yuni, mai ɗigo ɗaya Yuli zuwa Satumba, marar ɗigo kuma Oktoba zuwa Disamba. Idan 8 ka gani fa, 1938 ne ko 1948? Samfurin ne zai raba gardama. Parker 51, mai ɓoyayyen baki wanda tsininsa kaɗai ake gani, bai shiga kasuwa ba sai 1941, don haka 8 a jikinsa 1948 ne.

Shi 51 ɗin ma ya kasu biyu. Idan ƙarshen gindinsa yana kwancewa ka ga ɗan madanni da ake dannawa kamar famfo, na 1948 ne ko kafin nan. Idan kuwa gangar jikin gaba ɗaya ce ke kwancewa, ka ga kube na ƙarfe da salka a ciki da wani ƙarfe mai zane da ake matsawa, daga 1948 zuwa gaba ne, shi ake kira Aerometric. Ɗan shuɗin lu'ulu'un da ake gani a saman maƙalin wasu alama ce ta garantin har abada da kamfanin ya fara a 1939, ya kuma bar ta kafin 1950. Daga tsakiyar shekarun 1950 lambar shekara ta ɓace, kuma da yawa daga waɗanda aka ƙera a masana'antarsu ta Newhaven a Ingila, waɗanda su ne aka fi cin karo da su a ƙasashen da Ingila ta mulka, ba su da ita. A nan sai ka dogara da shekarar fitowar samfuri: Parker 21 a 1948, 61 a 1956, 45 a 1960. A 1980 suka dawo da alama ta haruffan kalmar QUALITYPEN: Q sifili, U ɗaya, A biyu, haka har N tara. Kalmar tana zagayowa duk shekara goma, don haka Q na iya zama 1980 ko 1990 ko 2000.

Wani gargaɗi kan 51. Kamfanin Hero na Shanghai ya ƙera miliyoyin alƙaluma masu kama da shi, irin su Hero 616, har da maƙali mai siffar kibiya, kuma su ne 'yan makaranta da yawa suka riƙe. Na sha ganin wanda ya zo da murna ya tsinci Parker, a duba leɓen murfi a ga rubutun Sin. Hero ba abin rainawa ba ne, yana rubutu, kuma shi ya fi dacewa ka koyi kwance-kwance a kansa. Amma kada ka biya kuɗin doki a kan jaki.

Sheaffer ba ya buga shekara, sai dai siffofinsa suna magana. Walter Sheaffer na Fort Madison a jihar Iowa shi ya yi rajistar liba a 1908, wato ɗan ƙarfen gefe da ake ɗagawa ya matse salka. Farin ɗigon nan nasu ya fara a 1924. Siffa mai tsini gaba da baya, Balance, 1929. Baki mai zagaye kamar mazurari, Triumph, 1942. Touchdown, wanda ake jan gindinsa a tura, 1949. Snorkel, mai fito da ɗan bututu daga ƙarƙashin baki ya sha tawada, 1952. Pelikan na Hanover a Jamus ya fito da mai fistin, wanda ake murɗa gindinsa ya zuƙo tawada kamar sirinji, a 1929. Samfurin 400 mai koren ratsi 1950 ne, 400NN mai ɗan tsinin gindi daga 1956 zuwa 1965. Duk wanda aka rubuta W. Germany, wato Jamus ta Yamma, a jikinsa ya riga haɗewar Jamus ta 1990, ko kuma bai wuce ta da yawa ba. Na Ingila kuwa, Conway Stewart da Swan da Burnham da Platignum da Osmiroid, lambar samfuri da ke jikinsu za ka bi.

Ka riƙe abu ɗaya: lambar da ke gangar jiki shekarar gangar jikin kaɗai take faɗa. A zamanin da ake gyaran alƙalami kamar yadda ake gyaran agogo, an sha sauya murfi da baki. Murfin 1944 a kan jikin 1947 ba abin mamaki ba ne.

Mataki na biyu: gane da me aka yi jikinsa

Goga gangar jikin da babban yatsa har ta ɗan ɗumama, ka sansana. Idan ka ji warin ƙonanniyar taya, ebonait ne, wato roba mai tauri da aka dafa da farar wuta, wadda aka fi amfani da ita kafin tsakiyar shekarun 1920. Ruwa da rana suna mayar da baƙinsa ruwan ƙasa ko kalar gansakuka, kuma ba ya dawowa. Idan ka ji ƙamshin kafur, seluloid ne, wata tsohuwar roba mai kyawawan launuka kamar tsakiya. Shi kuma maƙiyansa wuta da sifirit da ruwan goge farce: wuta na kama shi kamar fetur, sauran biyun narkar da shi suke yi. Akwai kuma kasin, wanda ake yi daga madara, da wasu kamfanonin Ingila kamar Conway Stewart da Burnham suka yi amfani da shi. Idan ya kwana a ruwa sai ya kumbura ya yi laushi kamar ƙanzon da aka jiƙa. Duk wani ɗan Ingila mai launi da ba ka tabbatar ba, ɗauke shi a matsayin kasin, kada jikinsa ya ga ruwa. Parker 51 da Lucite aka yi shi, wani nau'in roba mai tauri wanda bai damu da ruwa ba, shi ya sa ya fi sauran jure hannun ɗan koyo.

Mataki na uku: haɗa kayan aiki

Ba su da yawa. Diraya ta busar da gashi. Guntun robar cikin tayar keke, don riƙo. Hantsaki siriri da tsinken ƙarfe mai ɗan lanƙwasa a baki. 'Yar tocila. Robar da ake zuƙe majinar jarirai, ko sirinji marar allura. Tsohon buroshin haƙori. Shalak, wanda kafintoci masu folish suka sani, ana jiƙa ɓawonsa a sifirit har ya yi kauri kamar zuma. Hodar talk zalla, marar turare. Man silikon. Sai sababbin salkuna, waɗanda sai ka yi odarsu daga waje ta intanet. Ana auna kaurinsu da kashi 64 na inci: lamba 16 rubu'in inci ke nan, milimita 6 da ɗoriya. Sayi 14 da 16 da 18, za su ishe ka yawancin aiki, ka ajiye su wuri mai sanyi da duhu domin zafinmu yana cin roba tun ba a yi amfani da ita ba.

Abin da ba zai hau teburin ba: filaya tsirara, kyandir, ashana, tafasasshen ruwa, sufa gulu, basilin, kananzir. Basilin da duk wani mai na fetur ruɓar da salka suke yi. Sufa gulu kuwa zalunci ne ga wanda zai buɗe alƙalamin bayanka.

Mataki na huɗu: wanki

Zuba ruwa mai tsabta, marar zafi, a ƙaramin kofi, daidai yadda zai rufe baki da ƙasan wuya kaɗai. Tsayar da alƙalamin a ciki. Nan da nan za ka ga tawadar wani zamani tana sauka kamar hayaƙi. Sauya ruwan idan ya yi duhu. Wani ya kan ɗauki awa ɗaya, wani kwana biyu. Idan ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne, yi amfani da na leda. Idan busasshiyar tawadar ta yi taurin kai, sa ɗigo ɗaya na sabulun wanke kwanuka, ko amoniya ta gida kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, sannan ka ɗauraye sosai. Amoniya ba ta shiri da alminiyom. Murfi kuma ba a jiƙa shi, domin ruwa na maƙalewa a bayan murfin ciki ya sa maƙali tsatsa. Auduga mai ɗan laima a tsinke ta isa.

Idan Parker 51 Aerometric ne a hannunka, sau da yawa aikin ya ƙare a nan. Salkarsa ba irin robar sauran ba ce, wata leda ce mai juriya da kamfanin ya kira Pli-Glass, kuma da yawa suna aiki har yau bayan shekara 70, ko da sun rine sun yi baƙi ƙirin. Tsoma baki a ruwa, matsa ƙarfen, saki, jira daƙiƙa biyu, maimaita. Yi ta yi har ruwan da ke fita ya zama garau. Zai gajiyar da kai, domin a bayan bakin akwai wata matattara mai fikafikai da yawa da ke riƙe tawada. Idan ya gama, naɗe bakin da tsumma ka yarfe, ka tsayar da shi kai ƙasa a kan takarda mai tsotsa ya kwana.

Mataki na biyar: sauya salka a alƙalami mai liba

Nan ne ainihin aikin. Misalin da zan bi shi ne Esterbrook J, wanda aka riƙa yi a Camden ta jihar New Jersey daga ƙarshen shekarun 1940, domin da shi yawancin masu gyara suka koya, amma hanyar ɗaya ce ga kusan duk mai liba.

Ɗaga libar a hankali da farce. Idan ta ƙi tashi, bar ta. Salka ce ta bushe ta zama dutse, kuma idan ka tilasta, ko libar ta lanƙwashe ko ƙarfen matsi da ke ciki ya karye. Girgiza shi kusa da kunne: ƙarar tsakuwa-tsakuwa gutsattsarin salka ne.

Yanzu raba wuya da gangar jiki. Kunna diraya, ka riƙa juya mahaɗar a cikin iskar, nesa da bakin dirayar kamar faɗin tafi. Shalak yana saki a wajen digiri 60, seluloid kuma yana fara laushi a wajen 74, ka ga tazarar ba ta da yawa. Ma'aunina shi ne in taɓa shi a leɓena: idan leɓe ba zai iya jurewa ba, ya yi zafi da yawa. Amfanin ɗumin biyu ne, yana sassauta abin da ya manne, yana kuma rage wa tsohuwar roba gautsi. Naɗe wuyan da robar taya, ka riƙe gangar jiki da ɗaya hannun dab da mahaɗar, yatsunka na kewaye da zaren da murfi ke hawa don su tallafe shi. Fara da murɗawa kamar mai kwance kusa mai zare, domin wasu wuyoyin zare gare su; idan na cusawa ne, kamar na Esterbrook, zai juya ya riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan. Kada ka karya shi gefe da gefe kamar mai ɓare rake. Ya ƙi? Sake ɗumamawa. Ya sake ƙi? Ajiye shi sai gobe. Na taɓa bin wani har kwana huɗu, a rana ta biyar ya fito kamar ba shi ba. Da wutar lantarki irin tamu ma, dole ka koyi jira.

Da ya fito, zazzage gutsattsarin. Wanda ya manne a bango ka kankaro shi da tsinken ƙarfe, kana haskawa da tocila. Wani lokaci salkar ba bushewa take ba, narkewa take ta zama kamar kwalta. Wannan sai haƙuri da auduga. Duba ƙarfen matsi, mai siffar harafin J. Idan tsatsa ce sama-sama, bar shi a wurinsa. Idan ya karye, jawo shi da hantsaki ka tura sabo, ka daidaita shi a ƙarƙashin liba.

Koma kan wuya. A bayansa akwai ɗan nono inda salka ke zama. Kankare ragowar tsohuwar roba da shalak da bayan wuƙa, kana juyawa, ba tare da ka ci jikinsa ba. Tunda wuyan yana hannunka, sa robar majina ta baya ka tura ruwa ya fita ta baki har ya yi fari. Idan ruwa na wucewa, kada ka fitar da baki da magudana. Masu koyo suna son kwance komai, alhali mayar da su daidai ya fi fitar da su wuya.

Zaɓi salkar da za ta zame cikin gangar jiki da kanta ba tare da turawa ba. Esterbrook J lamba 16 yake ci. Idan kana shakka tsakanin biyu, ɗauki ƙaramar: salkar da ta cika ciki tana ɗaukar zafin hannu da sauri, iskar ciki ta buɗe, tawada ta ɗigo a takarda. Don yanke tsawo, zura ta har ta taɓa ƙasa, yi alama daidai bakin gangar jiki, fitar da ita, ka rage tsawon sashen wuyan da ke shiga ciki kafin nono, ka ƙara rage kamar milimita 3. Yanke da almakashi mai kaifi, a miƙe.

Shafa shalak siriri a kewayen nonon, kana kiyaye ramin tsakiya. Buɗe bakin salka da hantsaki, ko ka ɗora gefe ɗaya ka ja sauran ya hau kamar mai sa wa yaro safa. Juya ta ta miƙe sosai. Bar ta ta bushe; rabin awa na iya isa, ni dai kwana nake bari. Kafin ka mayar, tsoma baki a ruwa ka matsa salkar da yatsu: kumfa ta fita, ruwa ya shiga, kuma kada mahaɗar ta yi gumi. Shafe ta da hoda don kada ta manne wa ƙarfe. Sake ɗumama bakin gangar jiki kaɗan, ka tura wuyan, baki yana layi ɗaya da liba. Kada ka sa shalak a nan sai idan wuyan yana kwance da kansa. Tsoma baki duka cikin ruwa, ɗaga liba, mayar, ƙirga goma kafin ka cire. Sake ɗagawa a kan kofi: idan ya feso ruwa da ƙarfi, ka gama.

Waɗanda za ka dakata a kansu

Vacumatic da 51 mai famfo suna buƙatar sifana ta musamman mai zare, kuma ɗan kofin da ke riƙe robar ciki yana fashewa da wuri. Snorkel yana da salka da zoben roba da wani hatimi a gaba da sifirin, huɗu duk sai sun yi daidai. Bar su sai hannunka ya faɗa. Parker 61 na asali ba shi da abin matsawa, tsotsa yake da kansa, wanki kawai yake so. Pelikan mai fistin kuwa, idan fistin ɗin ya yi tauri kada ka murɗa da ƙarfi. Zuba ruwa ya jiƙa, kwance bakin a hankali, domin zare gare shi kuma fikafikan magudanarsa ba su da ƙwari, ka shafa man silikon kamar ƙwayar gero a bangon ciki da tsinken auduga.

Mataki na shida: baki

Baki mai kartar takarda, sau da yawa ba kaifi ne da shi ba, ɗaya ɓangaren ne ya fi ɗaya tashi. Kalle shi da madubi ta gaba, tsinin na fuskantarka. Idan na dama ya sauka, ɗaga shi da farce kaɗan, saki, sake dubawa. Sai sun daidaita tukuna za ka yi tunanin gogewa, ita ma da takardar guga (samfefa) mafi laushi, mai lamba 12000, ka rubuta 8 sau biyar ko shida ka gwada. A tsinin akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri da ake kira iridiyam. Shi ne ran bakin, kuma abin da ka goge ya tafi ke nan. Idan tawada ba ta sauka, zura siririn faifan tagulla a tsagar ka share. Reza tana yi wa tsagar rauni.

Tsohon baki yana ɗauke da hannun mai shi. Wanda ya shekara 30 a hannun mai rubutun ajami daga dama zuwa hagu ya ci ta wani gefe dabam da na akawu mai boko. Kafin ka ce ya lalace, juya riƙonka kaɗan ka ji. A Esterbrook ma ba sai ka wahala ba: baki da magudana tare suke kwancewa kamar kusa, ka ɗaura wani. Lamba 2556 siriri ne, 2668 matsakaici, 9128 mai buɗewa idan an danna, 2314 kuma yankan gefe gare shi, kusa da yadda ake fiƙe alƙalamin kara.

Mataki na bakwai: tawada

Tawadar allo ba ta shiga wannan alƙalami. An yi ta da gawayi da ƙaro, ƙaron zai bushe a magudana ya toshe ta kamar siminti. Haka tawadar hatimi, da ta firinta, da baƙar tawadar masu zane. Nemi wadda aka yi domin wannan aiki: Quink na Parker, wanda ke kasuwa tun 1931, ko Pelikan 4001, ko ta Waterman. Shuɗiya ta fi sauƙin wankewa, ja da shunayya suna rina salka. Da hunturu baki na bushewa cikin ɗan lokaci, don haka rufe murfi da zarar ka ɗaga hannu. Da bazara kuma kada ka bar tawada ta yi ƙasa sosai, kuma a aljihu baki ya kalli sama, in ba haka ba farar shaddarka ce za ta ba da labari. Kada ka bar shi a gaban mota a rana. Zafin wurin ya isa ya lanƙwasa seluloid.

Idan tarawa za ka shiga

Fara da gida, amma da izini. Alƙalamin mamaci kayan gado ne, musamman mai bakin zinariya, don haka a sanar da magada ko a yi masa kuɗi. Bayan nan sai 'yan gwanjo, da masu tsofaffin kaya irin na Kasuwar Kurmi a Kano, da tsofaffin masu gyaran agogo, waɗanda kan ajiye irin wannan a gwangwani. Tafi da madubinka. Bi leɓen murfi da farce ka ji ko akwai tsaga, domin nan suka fi fashewa. Duba iridiyam a ɓangarorin biyu. Duba ko seluloid ya fara yin ƙyalli kamar sukari a ƙarshensa. Wannan ciwo ne marar magani, kuma yana harbin na kusa da shi. Matacciyar salka ba aibi ba ce, dalilin neman ragi ne. Tsagaggen murfi ko guntulallen baki kuwa gyaransu ya kan fi kuɗin alƙalamin.

Rubutun 14K ko 14ct ko 585 yana nufin zinariya kashi 585 cikin 1000, 18K kuma 750. Saboda wannan ne ake ciro bakuna a kai wa maƙera, a bar gangar jiki fanko. Wanda yake da damuwa kan namiji da zinariya ya tambayi malaminsa, kuma akwai mafita: Esterbrook da Parker 21 da yawancin alƙaluman makaranta na Ingila bakin ƙarfe gare su. Montblanc, alƙalamin Jamus mai tsada, idan ka gan shi da arha a tire, ɗauka jabu ne har sai an tabbatar. Bakin da aka rubuta Iridium Point Germany a kansa ba na Montblanc ba ne.

Sunan da aka zana a jiki yana rage farashi a kasuwar Turai. Ni a wurina, idan sunan wani malami ne da shekarar da aka ba shi kyauta, ba na goge shi, kuma ba na son yawan folish, domin ruwan zinariyar da ke maƙali siriri ne, rubutun shekara ma da shi yake tafiya. Na fi ganin hikimar mutum ya tsaya kan abu ɗaya, misali launukan 51 ko alƙaluman makaranta na Ingila, maimakon ya kwashi duk abin da ya gani. Buɗe littafi ka rubuta kowanne: inda ka same shi, lambar jikinsa, ranar da ka sauya salka da girmanta.

Wanda ba za ka yi rubutu da shi cikin mako biyu ba, juye tawadar ka wanke ka busar. Jera su a kwance cikin aljihun tebur a kan yadin auduga, kada su taɓa juna, nesa da taga. Kada ka kulle seluloid a leda ko kwalba, yana son iska ta ratsa. Da damina ka riƙa buɗe aljihun lokaci-lokaci kana duba maƙalai saboda tsatsa, ka kuma leƙa ƙasan teburin saboda gara.